Ranar Da Na Yi Sha'awar Zama Bahanafe

Wanda ya zana taswirar Busan da aka raba mana a masauki ya ci amanarmu. A takarda gari ne shimfiɗaɗɗe a bakin teku, ga gaɓar Hewunde can, ga kasuwar kifi nan, tsakaninsu tazarar ɗan yatsa. Bai nuna cewa duk inda ka nufa akwai dutse a tsakani ba, kuma mutanen garin, maimakon su kewaye dutsen, sai suka haye kansa suka yi gidaje. Shi ne birni na biyu a girma a Koriya ta Kudu, mutanensa sun haura miliyan 3, tashar jiragen ruwansa kuma tana cikin goma da suka fi hada-hadar kwantena a duniya. Ni kuwa ɗan tudu ne, babban ruwan da na saba da shi shi ne madatsar Tiga, ita ma daga nesa muke gaisawa.

Kwas ne ya kai ni, irin wanda ake tara ma'aikata daga ƙasashe daban-daban a yi musu lacca, a sallame su da jaka da takardar shaida. Tun kafin na tashi, duk wanda ya ji inda za ni sai ya dube ni da tausayi ya ce, “Alade fa.” Da abin ya ishe ni sai na tsaya bayan sallar asuba na sami malamin unguwarmu.

Na ce, “Allah gafarta Malam, me zan ci a can?”

Ya ce, “Garin akwai teku?”

Na ce a bakinta ma yake.

Ya ce, “To Alhaji, ai kai ka huta. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka, ko a mace ka tsince shi. Ka bar musu naman tudu, ka riƙe na ruwa.”

Na fito daga zauren Malam ina ganin na gama da Koriya. Don ƙarin tsaro na sa wani ɗalibi ya rubuta mini wata 'yar takarda da rubutunsu, cewa ba na cin alade, ba na shan giya. Na sa aka lulluɓe ta da leda, na rataya a wuya. Ba wanda ban nuna wa takardar nan ba. Mai shayi ya gani, mai burodi ya gani. Wata tsohuwa mai sayar da lemo a bakin titi ta karɓa ta karanta, ta juya bayanta ko akwai ci gaba, ta dubi lemonta, ta dube ni.

Amma taka-tsantsan ɗin yana da dalili. Abincin da Busan ta fi tinƙaho da shi, dweji-gukbap, romon ƙashin alade ne da shinkafa a ciki, kuma a unguwar Somyon akwai lungu guda da ba abin da ake yi sai shi, manyan tukwane suna tururi a bakin ƙofa tun safe. Sai milmyon, taliya a cikin romo mai ƙanƙara, wadda ake gutsuttsura maka da almakashi a gabanka. Labarinta ya ja hankalina. Da yaƙi ya ɓarke a watan Yunin 1950, sojojin Arewa suka yi ta turo na Kudu har sai da ƙasar ta rage 'yar kusurwa a kudu maso gabas, Busan ta zama babban birni na wucin gadi, 'yan gudun hijira suka cika ta. Waɗanda suka fito daga arewa sun saba da taliyarsu mai sanyi, amma babu garin da suke yin ta da shi, sai fulawar agajin Amurka. Da ita suka yi, ta kama garin har yau. Na so in ɗanɗana don tarihin, sai dai sau da yawa akwai ƙashin alade a romon, ga yankan naman a ɗore a sama. Na wuce ina haɗiyar yawu, ina lallashin kaina da cewa ai ni teku ce gonata.

Cikin 'yan kwas ɗin akwai wani Bapakistane, mutum mai sanyin hali da furfura a gemu, wanda muka ƙulla abota wajen neman alƙibla. Daren da aka kawo mana ƙaguwa a ɗakin cin abinci sai na ga ya ture farantin gefe. Na ce, “Ɗan'uwa, lafiya?” Ya ce shi Bahanafe ne, a wurinsu kifi kaɗai ake ci cikin halittun ruwa. Nan Shaiɗan ya raɗa mini cewa lokacin wa'azi ya yi. Na gyara zama na karanto masa fatawar Malam, har da gishirina a kai. Na ce mu teku tamu ce tun daga kumfa har laka. Na ce Bamalike ba ya tambayar sunan abin da aka tsamo daga ruwa, bisimilla kawai yake yi. Na jawo ƙaguwarsa na haɗa da tawa, alhali ban san ta inda ake shigarta ba, na yi ta kokawa da ɓawo har aka zo kwashe kwanuka. Ɗan rakiyarmu, wani saurayi ɗan garin da aka haɗa mu da shi, yana gefe yana saurare, idonsa yana ƙyalli. Ya ce bai taɓa samun baƙo mai buɗaɗɗen ciki irina ba, ranar hutu zai kai ni kasuwar kifi ta Jagalci. Baki shi ke yanka wuya.

Ranar hutun da kujera ta fara. Mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, tarago ya cika maƙil, jama'a a tsaitsaye, amma ga wata kujera ruwan hoda a ƙarshen layi babu kowa a kai. Na ce a raina, mutanen nan akwai kara, sun ga baƙo. Na zauna, na baza babbar riga, na ɗaga wa jama'a hannu alamar godiya. Ba wanda ya ce uffan. Wata dattijuwa ce da ke fuskantata ta dubi zanen da ke bango bayan kaina, ta dubi tumbina, ta sake duban zanen, sannan ta kau da kai tana murmushi, alamar ta gamsu. Da na waiwaya sai ga hoton mace mai juna biyu. Ashe kujerarsu ce, ana bar musu ita ko da babu mai ciki a taragon. Ɗan rakiya ya sunkuyar da kai. Bahanafe ya matso kunnena ya ce, “Allah ya sauke ka lafiya.”

Daga tashar Tosong wata 'yar ƙaramar bas ta hau da mu Gamcon, unguwar da aka lilliƙa a jikin tsauni tana kallon teku. Gidaje ne ƙanana, jere a kan jere, an tsara su yadda na gaba ba zai tare wa na baya gani ba. 'Yan gudun hijira da mabiya wani addini da ake kira Tegukdo ne suka cika ta a shekarun 1950, ta daɗe tana cikin unguwannin talakawa, matasa suna ta barinta, har 2009 da aka kawo masu zane suka ƙawata ta da fenti kala-kala da hotuna a bango. Yanzu daga ko'ina ake zuwa ɗaukar hoto. Wurin ya yi kyau, ba musu. Sai dai na ji ɗan nauyi, domin da mutane a gidajen nan, ga shanya a igiya, ga alluna suna roƙon baƙi su rage murya. Talaucin jiya ya zama abin kallo, kuma ni ma da wayata a hannu na zo.

Akwai wata matakala a unguwar mai hawa 148, wadda aka ce a da mai ɗauke da kaya in ya hau ta har taurari yake gani da rana tsaka saboda jiri. Ni ba kayan da na ɗauko sai kaina da babbar riga, wadda iskar teku ta shige ta tana neman mayar da ni ƙasa. Ban kai rabi ba na fara ganin nawa taurarin. Ina dafe da bango ina haki sai ga wata tsohuwa ta taho daga ƙasa, bayanta a lanƙwashe, da buhun kabeji a hannu. Ta wuce ni, ta ɗan yi gaba, ta dawo, ta zaro alewa daga aljihu ta danƙa mini, ta bubbuga kafaɗata, ta ci gaba da hawanta. Ban ma samu numfashin nuna mata takarda ba.

Da muka sauko cikin gari aka biya da mu dandalin da aka sa wa sunan bikin fina-finan Busan, wanda aka fara a 1996, inda tafukan hannun 'yan fim suke a zube a ƙasa cikin ƙarfe. Ni layin masu hottok ne ya ɗauke mini ido. Ƙulli ne ake cusa wa jan sukari da kirfa, a soya shi a danne, sannan a tsaga cikinsa da almakashi a ɗura gyaɗa da 'ya'yan kabewa da sauran ƙwayoyi, a miƙo maka a kofin takarda. Cizon farko narkakken sukari ya ƙona mini harshe ya gangaro kan aikin rigata, ban damu ba. Wannan abu ko a gaban alƙali zan ba da shaida cewa ya yi daɗi. Da ina da wayo da na cika cikina da shi na ce na ƙoshi. Amma ɗan rakiya ya riƙe hannuna a na biyu, ya ce in bar wuri, ga Jagalci can tsallaken titi.

Ita ce babbar kasuwar kifi a duk Koriya, kuma mata ne ke riƙe da ita. Tun bayan yaƙi, da maza da yawa suka tafi ba su dawo ba, matan suka zauna a bakin ruwa da baho suna sayar da abin da jirage suka kawo don ciyar da 'ya'ya, sana'ar ta zama tasu. Ga su nan da rigar leda da dogon takalmin roba da safar hannu har gwiwar hannu, murya kuwa ba a magana. Ƙasa a jiƙe take ko'ina, tiyo yana ta kwarara cikin bahuna da tankunan gilas, kuma kusan duk abin da ke ciki yana numfashi. Na ga kifi shimfiɗaɗɗe mai ido biyu a gefe ɗaya. Na ga wani abu ja mai ƙuraje da ke tsartar ruwa in an taɓa shi. Na ga wata halitta mulmulalliya, ba ido ba ƙafa, tana kumbura tana saɓewa a baho, wadda kamanninta ba su dace a faɗa a mujallar da yara ke karantawa ba. Nan ne na fara zargin cewa Malam bai taɓa ganin teku ba. Shi da ya ce duk abin da ke cikinta, tarwaɗa da ragon ruwa yake hange.

Ɗan rakiya ya tsaya gaban wata mai jiki, yana ce mata imo, wato 'yar'uwar uwa, haka suke kiran irin waɗannan mata. Ni ma sai na ce Inna. Ya yi mata dogon bayani yana nuna ni, na ji Afirka a ciki. Ta tafa safar hannunta, ta ƙwala wa maƙwabtanta kira, suka leƙo. Na tambaye shi me ya ce, ya ce ya gaya mata addinina ya halatta mini duk abin da ke teku, kuma na yi alkawarin ba zan mayar da komai ba. Na yi maza na ciro takarda. Inna ta karanta, ta yi dariya, ta nuna bahunanta ɗaya bayan ɗaya tana girgiza kai: nan babu alade, nan babu giya. Ta tsoma hannu ta zaro kifi, ta zaro wata dabba mai hannuwa takwas da suke ce wa nakji, wadda nan take ta nannaɗe mata damtse, ta ɓamɓare ta ta jefa a bokiti. Sannan ta kamo mulmulalliyar nan guda biyu ta ƙara mini gyara.

Tsarin wurin shi ne ka saya a ƙasa, a hau maka da shi bene a gyara, ka biya kuɗin zama. Muka tuɓe takalma muka zauna a ƙasa, abin da na fi kowa iyawa a duk ranar. Aka jera ƙananan kwanuka, kimci da ganye da tafarnuwa da miyar barkono mai tsami, kyauta ne, in ya ƙare a ƙaro. Kifin ya zo ɗanye, an yanka shi siri-siri. Ana ɗora yanka a ganye, a sa tafarnuwa da barkono, a dunƙule a tura baki ɗaya. Na nitsar da nawa cikin barkono har ya daina kama da kifi, na haɗiye, na ce ashe abin ba wuya.

Sai ga farantin nakji.

An daddatse hannuwan gutsi-gutsi, an zuba man riɗi, an barbaɗa riɗi a kai, kuma kowane gutsure yana tafiya. Wani yana miƙewa, wani yana murɗewa, wani ya kama hanyar bakin faranti da niyyar komawa gida. Ɗan rakiya ya ce kada in damu, dabbar ta mutu, mafi yawan jijiyoyinta a hannuwan suke, shi ya sa suke ci gaba da aikinsu ba tare da kai ba. Ya ƙara da cewa in tauna sosai, don akwai waɗanda abin ya maƙale wa a maƙogwaro suka rasa ransu. Ya faɗi haka yana murmushi yana miƙo mini tsinkayen cin abinci. Nasu na ƙarfe ne, faffaɗa, masu santsi, ko wake ba na iya ɗauka da su, balle abin da ke da ra'ayin kansa.

Na dubi Bahanafe. An kawo masa gasasshen kifin nan da ake ce wa titus a kasuwanninmu, wanda Busan ta ɗauka a matsayin kifin birni, fatarsa ta yi ƙaraurau, mai yana tsatsa, ƙamshi ya cika wurin. Ya ɓare tsoka ya kai baki, ya lumshe ido, ya ce, “Ɗan'uwa, wallahi da na taya ka. Amma ka san mazhaba.” Ya ajiye cokali ya ɗauko waya ya saita ni.

Na ce a ba ni minti ɗaya, na fita baranda. Awa takwas ce tsakaninmu da gida, can gari bai daɗe da wayewa ba, na san Malam yana zaure.

“Allah gafarta Malam, an kawo mini wani abu, yana motsi.”

“Daga teku yake?”

“Daga teku yake, amma fa tafiya yake yi a faranti.”

“To ka tare shi ka yi bisimilla.”

Na yi shiru, sannan na ce, “Malam, ya halatta matafiyi ya ɗan yi koyi da wata mazhaba?”

Ya ce, “Don lalura, Alhaji, ko don tsoro?”

Na ce layin ba kyau.

Da na dawo Inna ta hayo bene da kanta ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. Na kai tsinke, gutsuren ya riƙe faranti, na ja, faranti ya biyo. Na ajiye tsinke na sa yatsu, na ɓamɓaro shi, ya kama ɗan yatsana, na yi bisimilla da ƙarfi har teburin kusa suka waiwayo, na jefa a baki. Nan take ya ɗafe mini ganɗa, ya zuƙe ta kamar ƙahon wanzami. Na kai harshe in ture shi, ya saki ganɗa ya kama harshen. Na tuna maganar maƙogwaro, na shiga tauna ba ji ba gani, hawaye yana zuba, gumi yana bin hula. Ɗanɗano kuwa, in za a yi adalci, babu wani abin ƙi, man riɗi ne da gishiri da ɗan garɗi. Rigimar duk a gardamar da yake yi ce. Inna ta sunkuyo ta ce, “Mashissoyo?” Ɗan rakiya ya ce tana tambaya ko da daɗi. Bakina yana cikin shari'a, ba damar magana, sai na ɗaga babban yatsa. Ta yi guɗa irin tasu, ta turo mini sauran farantin gabana, ta ɗora gyaran nan a gefe, shi ma an yanka, shi ma bai gama sallama ba.

Abin da ya cece ni miyar ƙarshe ce. Kan kifin da ƙashinsa, da aka cire tun farko, su ake dafawa da barkono da tafarnuwa da ganye, a kawo tukunyar tana tafasa a kan tebur. Na sha har na ɗaga kwano. A nan na ɗan fahimci mutanen: wanda ya tashi a bakin ruwa, motsin nan shi ne shaidarsa cewa ba a sayar masa da na jiya ba, kuma ba sa zubar da ko ƙaya. Fahimta dai na yi, ban ce na shiga sahu ba. A jirgin komawa, ina tsaye nesa da duk wata kujera mai launi, wani yaro ya yi ta nuna hannun rigata yana jan uwarsa. Wani gutsure ne ya maƙale a can ya biyo ni.

Kwana bai yi nisa ba ɗan rakiya ya sanar cewa, ganin yadda na ji daɗin Jagalci, walimar bankwana ranar Juma'a da rana can za a yi ta. Ranar Alhamis da dare na ɗaura niyyar azumin nafila, da zuciya ɗaya, ko kusa da haka.

Juma'a muka bi layi na ɗaya zuwa arewacin gari, muka sauka a Dusil, muka taka zuwa masallacin Al-Fatah da aka buɗe a 1980. Yawancin masallatan baƙi ne, 'yan Indonesiya da Uzbekistan da Pakistan da Bangladesh, ma'aikatan masana'antu da na jiragen ruwa. Ana sallamewa Bahanafe ya tara 'yan Indonesiya a bakin ƙofa ya kunna musu bidiyo. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce su ma za su biyo mu walimar su ga abin da idonsu. Na gyara murya na ce sai dai su yi haƙuri, ina azumi. Wani dattijo a cikinsu ya ce, Juma'a ita kaɗai? A wurinsu Shafi'awa makaruhi ne a ware ta. Na ce masa Imamu Malik bai ga laifin haka ba. Na faɗa da ƙarfi, ina duban Bahanafe, don tun da na sauka ƙasar nan wannan ne karon farko da mazhaba ta tsaya mini.

Ɗan rakiya yana waje yana jiranmu. Da aka gaya masa sai ya ɓata fuska, ya tambayi ƙarfe nawa ake shan ruwa. Bahanafe ya duba waya ya faɗa masa har da minti. Ya koma gefe ya yi kira, ya dawo fuska a sake. Ya ce ba komai, an ɗaga walimar zuwa magariba, kuma Inna ta ce hakan ma ya fi, don mai azumi ya fi ci, ta ware mini babba.